Jinyar Gida Sana'a Ce, a Koyar da Ita



Yau zancenmu a kan masu kula da tsofaffi da masu lalurar naƙasa ne, da kuma tambayar ko akwai wanda ya taɓa zaunar da su ya koya musu aikin da aka ɗora musu.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a babban asibiti ya san yadda ranar sallama take. Likita ya zo zagayen safe, ya duba fayil, ya ce Baba ya samu sauƙi, a koma gida a ci gaba da shan magani, a dawo ganin likita bayan wata guda. Likita bai yi laifi ba. Abin da asibiti zai iya ya yi, ga kuma wani a baranda yana jiran gadon. Sai dai Baban da za a mayar gida ba shi ne wanda aka sani a da ba. Hawan jini ya buge shi, ɓarin jikinsa ya shanye, magana ba ta fita sosai, ba ya iya riƙe fitsari. Za a miƙa wa iyali ledar magani da kati, a tallabe shi a sa a mota. Daga ƙofar asibiti zuwa ƙofar gida babu wanda zai tambaya: wa zai riƙa juya shi, wa zai ba shi abinci, wa zai yi masa tsarki, kuma shin wannan mutumin ya san yadda ake yi?

Mun san amsar tambaya ta farko. Matarsa ce, wadda ita ma ƙafa ta hana ta sakat. Ko matar ɗansa, mai goyo da girki. Ko 'yarsa da aurenta ya mutu ta dawo gida, aka ce to ai ga mai jinya Allah ya kawo. Ko jika 'yar shekara goma sha uku da aka cire daga makaranta. A gidan masu hali, 'yar aiki ce da aka ɗauko daga ƙauye, ko almajirin gidan idan maras lafiyan namiji ne. Ƙungiyar ƙwadago ta duniya ta fitar da rahoto a shekarar 2018 da ya nuna cewa kashi 76 cikin ɗari na aikin kula da mutane da ake yi ba biya, mata ne ke yin sa. Mu nan ba sai an kawo mana rahoto ba, leƙa gidan maƙwabci kawai ya isa.

Waɗannan bayin Allah ba tausayi suka rasa ba, ba kuma haƙuri ba. Wata ta fi shekara biyar ba ta yi barcin dare cikakke ba. Abin da suka rasa sani ne, kuma rashinsa yana kashe tsofaffinmu a hankali, a cikin ɗakunan da ake ƙaunarsu. Wannan shi ne abin da nake so mu tsaya a kansa.

Mu ɗauki gyambon kwanciya. Mutumin da ba ya iya motsawa, idan ya daɗe a kan gefe ɗaya, nauyin jikinsa yana danne jijiyoyin jini a wuraren da ƙashi ya tokaro fata: ƙasan gadon baya, kwatangwalo, dunduniya, kafaɗa, ƙeya. Jini ya daina isa wurin, nama ya fara mutuwa daga ciki. Sa'o'i kaɗan sun isa a fara. Idan aka haɗa da zafin bazara, da gumi, da ledar da aka shimfiɗa a kan katifa, da zanin da fitsari ya jiƙa, a 'yan kwanaki sai ka ga rami ya buɗe, wani har ƙashi ake hangowa. Daga nan ƙwayar cuta ta shiga jini, zazzaɓi ya rufe shi, a ce ciwonsa ne ya tashi. Alhali ba shanyewar jikin ce ta kashe shi ba, kwanciyar ce. Rigakafin ba ya buƙatar ko sisi: a juya shi kamar kowane awa biyu, a sa filo tsakanin gwiwoyi, a ɗage dunduniya kada ta taɓa katifa, a tabbatar shimfiɗa ta bushe kuma babu tattara a zanin, a duba fatar safe da yamma. Akwai kuma abin da littattafan da aka rubuta a Turai ba za su koya mana daidai ba. Su sukan ce a lura idan wurin ya yi ja. A fatarmu ja ba ya nunawa. Mai jinyar da aka horar a nan za a nuna mata ta nemi wurin da ya fi kewayensa duhu, ko ya yi ƙyalli, ko ya fi zafi, ko ya yi tauri idan ta taɓa. Kuma a gaya mata kada ta murza wurin, kada ta gasa da ruwan zafi, domin abin da hannu ke saurin kaiwa gare shi ke nan, kuma ƙara lalata naman yake yi.

Sai ba da abinci. Da yawa daga waɗanda jikinsu ya shanye, haɗiya ma takan sami matsala. Uwa ko 'ya ta ga Baba ya rame, hankalinta ya tashi, ta ɗago kansa kaɗan yana kwance ta ɗura masa koko ko ruwa. Ya yi tari, ta ce sannu, ta ƙara. Ba ta san wani abu daga cikin kokon ya bi hanyar iska ya sauka huhu ba. Bayan kwana biyu numfashi ya yi sama, ciwon huhu ya kama shi. Wanda aka koya wa aikin ya san a zaunar da maras lafiya sosai ake yi, a ba shi da ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye kafin a ƙara, a bar shi a zaune kamar rabin awa bayan ya gama. Ya san sau da yawa abu mai ɗan kauri ya fi tsinkakken ruwa sauƙin haɗiya, ya san idan murya ta canza bayan kurɓa ɗaya to a dakata a nemi malamin asibiti. Ya kuma san wanke baki ba ado ba ne, domin dattin baki ma yana gangarawa huhu.

Ɗagawa fa? Sau nawa muka ga an kama hannun da ya shanye an ja, don a tayar da mutum zaune? Kafaɗar da naman da ke riƙe da ita ya saki, gocewa take yi, ciwon kuma ya zauna masa har ƙarshen rayuwa. Ita ma mai ɗagawar, da ta sunkuya ta ɗauki ƙato ita kaɗai sau biyar a rana, cikin shekara guda bayanta ya tafi, gida ya koma da marasa lafiya biyu. Ma'aikatan gashin ƙashi suna iya nuna wa mutum yadda zai yi amfani da zanin gado da gwiwarsa a cikin awa ɗaya.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne gigin tsufa. Hukumar lafiya ta duniya ta ce mutane fiye da miliyan 55 ne ke fama da wannan ciwo na ƙwaƙwalwa, kuma sama da kashi 60 cikin ɗari suna ƙasashe irin namu masu ƙaramin ƙarfi ko matsakaici. Hajiya ta ci abinci yanzu, ta ce an hana ta tun jiya. Ta ce matar ɗanta ta sace mata kuɗi. Da magariba ta yi sai ta ɗaure ƙullinta ta ce za ta tafi gidansu, gidan da aka rushe shekara arba'in da suka wuce. Gidan da ba su san ciwo ne ba, sai a ce ta tsani suruka, aure ya shiga rawa. Wani gidan a ce aljanu ne. Wani wurin, abin takaici, a jefi tsohuwa da maita saboda an tsince ta tana yawo da dare tana sambatu. Daga nan sai kulle ɗaki, wani lokaci har da ɗauri. Mai kulawar da ta sami horo ta san ba a gardama da mai wannan ciwo, ba a ce mata “ai kin ci”, sai dai a bi ta da lallashi a karkatar da hankalinta. Ta san yamma ce lokacin da abin ya fi tashi, sai ta kunna fitila da wuri ta rage hayaniya. Abu mafi muhimmanci, ta san idan tsoho mai hankalinsa ya rikice farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, wannan ba tsufa ba ne. Yana iya zama ciwon mafitsara, ko ƙarancin ruwa a jiki, ko suga ya faɗi, kuma asibiti ake kai shi a ranar.

Masu sauraro, duk abin nan da na zayyana ba karatun likita ba ne. Abu ne da mace mai hankali, ko ba ta taɓa shiga aji ba, za ta iya koya a cikin 'yan makonni idan aka nuna mata da hannu, da harshen da take ji.

Wani zai ce, to ai kakanninmu sun yi jinyar iyayensu ba tare da wata makaranta ba. Haka ne. Amma a babban gida suka yi ta, mai sassa shida ko bakwai, mata goma suna karɓa-karɓa, kuma akwai tsohuwar da ta ga jinya iri-iri tana nuna wa na baya. Yau ɗa yana Abuja, ɗaya yana Legas, ɗaya yana ci-rani, gidan haya ɗaki biyu ne. Rikicin arewa maso gabas da na 'yan bindiga a Zamfara da Katsina da Sakkwato ya warwatsa iyalai, ya bar tsofaffi a sansani ko a kango, ya kuma ƙara yawan waɗanda suka rasa hannu ko ƙafa. Ita ma cutar ta canza. Maganin zamani yana ceto mutum daga bugun farko, sai ya rayu shekara takwas ko goma yana buƙatar a ɗauke shi a ajiye. Majalisar Ɗinkin Duniya na hasashen cewa nan da shekarar 2050 masu shekara 60 zuwa sama za su kai biliyan 2.1, kuma kashi 80 cikin ɗari nasu a ƙasashe masu tasowa za su kasance. Shi ya sa ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekaru goma na tsufa cikin ƙoshin lafiya. Mu a Nijeriya muna ta cewa ƙasarmu ta matasa ce, sai muka manta cewa a ƙasa mai mutum sama da miliyan 200, ko kashi 5 cikin ɗari ne tsofaffi, an haura miliyan 10.

Game da masu naƙasa, akwai kuskuren da ya kamata mai horarwa ya kauce masa tun ranar farko, wato ɗaukarsu marasa lafiya. Makaho ba majinyaci ba ne. Mai keken guragu da ke da shagonsa da matarsa da 'ya'yansa ba jinya yake nema ba, hannu yake nema a wurin da matakala ta tare shi, sannan a bar shi ya tafi harkarsa. Hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta cewa mutum biliyan 1.3 ne, kashi 16 cikin ɗari na al'ummar duniya, ke rayuwa da naƙasa mai tasiri, kuma buƙatunsu ba iri ɗaya ba ne. Darasin farko ga mai taimaka musu shi ne tambaya: yaya kake so a yi? Ba a kama sandar makaho a ja shi, shi ne zai riƙe gwiwar hannunka ka ɗan riga shi da rabin taku, kana gaya masa ga kwata, ga tudu. Ba a tura keken mutum ba tare da ya ce a tura ba. Ba a tsallake kurma a yi magana da ɗan rakiyarsa kamar ba ya wurin, alhali kuramen ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu cikakkiya wadda ake iya koya. A ganina duk makarantar da za ta koyar da wannan fanni ba tare da masu naƙasa a cikin malamanta ba, aikin banza take yi. Muna da su. Muna da sarakunan makafi da na guragu tun zamanin da, muna da ƙungiyoyinsu na yanzu, muna da waɗanda shan inna ta taɓa suna yara, yau su ne ke ƙera kekuna a Kano suna koya wa wasu. An tabbatar da kawar da ƙwayar shan inna ta daji daga Nijeriya a watan Agusta na 2020, amma waɗanda ta riga ta naƙasa suna nan, suna kuma manyanta, kafaɗun da suka yi shekara arba'in suna tuƙa keke da su sun fara gajiya.

Kada mu manta da iyaye mata masu 'ya'yan da suka sami raunin ƙwaƙwalwa wajen haihuwa, ko bayan shawara mai tsanani ko sanƙarau, yaron ya kai shekara goma wuyansa bai tsaya ba. Uwar nan tana goya shi har bayanta ya ƙage. Da za a nuna mata yadda za ta zaunar da shi, yadda za ta motsa masa gaɓoɓi kada su sandare, yadda za ta ciyar da shi kada abinci ya sarƙe shi, da rayuwarsu su biyun ta canza.

To, me gwamnati ta yi? A yi adalci, an fara. Cibiyar kula da lafiyar tsofaffi ta farko a ƙasar nan, mai sunan Cif Tony Anenih, an buɗe ta a asibitin koyarwa na Ibadan a 2012. A farkon 2018 aka sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da dattawa ta ƙasa, ta kuma fara aiki a 2021 ƙarƙashin Dakta Emem Omokaro, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. A watan Janairu na 2019 marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar haramta nuna wa masu naƙasa bambanci, wadda ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, aka kuma kafa musu hukuma a 2020. Abin da ya fi shafar zancenmu shi ne, cibiyar dattawan nan ta haɗa hannu da hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, wato NBTE mai hedikwata a Kaduna, suka fitar da ma'aunin ƙasa na sana'ar kula da tsofaffi, mataki-mataki, domin a horar da mutum, a jarraba shi, a ba shi takardar shaida kamar yadda ake ba mai walda ko mai gyaran lantarki. Wannan babban ci gaba ne, domin ya amsa cewa aikin sana'a ne.

Damuwata ita ce nisan da ke tsakanin wannan takarda da tsakar gidan da ake jinyar. Idan da Turanci za a koyar, a babban birni, a nemi takardar gama sakandare da kuɗin rajista, to an riga an rufe ƙofa ga matan da su ne ke yin aikin a yau. Hanyar gyara tana hannun hukumar NBTE kanta. Tsarin shaidar ƙwarewa na ƙasa ya yarda a auna mutum da abin da hannunsa ya iya, ko a ina ya koya. An gwada haka da masu sana'a na kasuwar Panteka a Kaduna, tare da kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna, kuma Farfesa Idris Bugaje da ya ja wannan aiki ya zo ya shugabanci hukumar. Idan za a je har rumfar maƙeri a ga aikinsa a ba shi shaida, me zai hana a auna matar da ta yi shekara bakwai tana jinyar surukarta, a cike mata abin da ta rasa, a ba ta tata? Wannan takarda za ta iya zama abincinta da na marayunta gobe.

Akwai wani abin da ya karkatar da wannan sana'a a 'yan shekarun nan. A watan Fabrairu na 2022 Birtaniya ta buɗe ƙofar biza ga masu kula da tsofaffi daga ƙasashen waje, 'yan Nijeriya kuma suna cikin waɗanda suka fi yawan tafiya, tare da 'yan Indiya da Zimbabuwe. Nan da nan wuraren kwas suka tsiro a birane da intanet, wasu na ƙwarai, wasu kuma takarda kawai suke sayarwa. Dillalai suka karɓi miliyoyin mutane da sunan takardar ɗaukar aiki, wasu suka isa can suka tarar babu aikin. A watan Maris na 2024 aka hana masu wannan biza tafiya da iyali, a watan Yuli na 2025 kuma aka rufe ɗaukar sababbi daga waje. Ban ga laifin wanda ya tafi neman halaliyarsa ba. Amma abin ya nuna mana cewa ɗanmu mai digiri zai yarda ya yi wa tsohon Bature wanka idan aikin yana da albashi da doka da mutunci. Ashe ba aikin ake ƙyama ba, wulaƙancin da muka lulluɓe shi da shi a gida ake gudu.

Ƙasashen da suka riga mu tsufa sun bi hanyar mayar da aikin sana'a. Japan, inda kusan mutum uku cikin goma suka haura shekara 65, ta kafa takardar shaidar ƙasa ga masu wannan aiki tun 1987, sannan a shekarar 2000 ta fara inshorar kulawa wadda kowa ke biya daga shekara 40. Mai shiga aikin yakan fara da horon awa 130, idan ya yi shekara uku yana aiki ya cika awa 450 na horo, sai ya zauna jarrabawar ƙasa. Jamus ta kafa tata inshorar a 1995, kuma abin da ya fi burge ni a tsarinta shi ne ɗan'uwan da ke jinyar nasa a gida yana da haƙƙin a koya masa kyauta, har ma malamin ya zo gidan ya nuna masa a gaban gadon maras lafiyan. Ba mu da kuɗin Jamus, amma wannan ɓangaren ba shi ne mai tsada ba.

Na san abin da ke ran wasunku. A ce ina raye, bare ya zo ya taɓa jikin mahaifina? Me mutane za su ce? Wannan kishi ne mai kyau, addini da tarbiyya ne suka dasa mana shi, kuma ba na kira a gina gidajen ajiye tsofaffi a kwashe iyayenmu a zuba. Gidan gajiyayyu irin na Shahuci a Kano na wanda ba shi da kowa ne. Tsoho ya fi son ɗakinsa, da jin kiran sallar masallacin unguwarsu, da hayaniyar jikokinsa. Amma a gaya mini, wanne ya fi kusa da biyayya: ɗan da ya kawo wanda ya iya aiki yana zuwa awa uku kullum yana taimaka wa matarsa, ko wanda ya bar yarinya ita kaɗai da aikin da ya fi ƙarfinta har gyambo ya cinye mahaifinsa, don kada a ce? Horon da ya dace da mu kuwa dole ya san kunya. A koya wa mai kulawa yadda za ta yi wa tsohuwa wanka ba tare da ta yaye ta gaba ɗaya ba, ta yi sallama kafin ta ɗaga labule, ta ce Inna ko Hajiya, ba ta kira sunanta gatsal ba. A koya wa mai kulawa yadda zai taimaki maras lafiya ya yi alwala ko taimama, ya juya shi ya fuskanci alƙibla, ko ya karanta wa Kirista abin da ya saba ji idan idonsa ya raunana. Kuma wannan ya kawo mu ga maza. Dattijo ba ya son matar ɗansa ta ga tsiraicinsa, wani har ya daina shan ruwa don kada ya yi fitsari. Muna buƙatar samari da yawa a wannan sana'a, ga su kuwa a bakin titi ba aikin yi.

A ina za a koyar? Ba sai an gina komai ba. Kusan kowace jiha tana da kwalejin kimiyyar lafiya da ke yaye ma'aikatan lafiyar al'umma, a ƙara musu wannan fanni, su kuma su sauke shi a asibitin sha-ka-tafi na mazaɓa. Makarantun Islamiyya na matan aure suna cike kowace yamma. Ga ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN, ga Zumuntar Mata a coci-coci. Ga 'yan agaji na ƙungiyoyin addini da muke gani da kakinsu suna taimakon marasa lafiya a asibitoci, rabin horon ma sun riga sun samu. Ga dubban matan da yaƙi da shan inna ya horar da su shiga gida-gida, sun san kowane lungu, an kuma saba buɗe musu ƙofa. Mun taɓa yin irin wannan da ungozomomi, aka koya musu wanke hannu da gane alamar haɗari. Hukumomin zakka da wakafi, da attajiran da ke raba buhunan shinkafa da azumi, su ware wani abu su ɗauki nauyin aji ɗaya na mutum talatin. Kowane asibiti kuma ya sa doka cewa ba a sallamar wanda jikinsa ya shanye sai nas ta tsaya da mai jinyarsa ta ga ta juya shi, ta zaunar da shi, ta ba shi ruwa a gabanta.

Saura maganar kuɗi, wadda idan aka tsallake ta duk sauran ya rushe. Mafi ƙarancin albashi a dokar ƙasa tun watan Yuli na 2024 naira dubu 70 ne. Ku tambayi kanku nawa ake ba yarinyar da ke kwana a ƙasan gadon Hajiya, tana tashi sau huɗu a dare, ba hutun mako, kuma sau da yawa kuɗin ma ba hannunta yake zuwa ba, wadda ta kawo ta ce ke karɓa. Idan aka horar da mutum aka ci gaba da biyansa haka, barin aikin zai yi ya koma sayar da katin waya. Dole a san awa nawa ne aikin, a san ranar hutu, a ba da safar hannu da sabulu, a rubuta yarjejeniya ko a gaban mai unguwa ne. A daina ɗora wa yara ƙanana wannan nauyi. A ɗaya gefen kuma, tsoho da mai naƙasa suna buƙatar kariya, domin wanda ba ya iya magana ba ya iya kai ƙara. Ana dukan wasu, ana cinye musu fansho, ana cin zarafin 'yan mata masu lalurar ƙwaƙwalwa. Don haka jiha ta buɗe rajistar waɗanda aka horar, kowa da mai tsaya masa, a sa jami'in walwala na ƙaramar hukuma ya riƙa leƙawa, wanda aka kama da cuta a soke sunansa kada ya koma wani gida. Wannan aikin majalisun jihohi ne da ma'aikatun mata da walwala, kuma lokacin da ake tsara kasafin kuɗi ne ya kamata ƙungiyoyin 'yan fansho da na masu naƙasa su je su zauna a gabansu da wannan buƙata a rubuce.

A nan za mu dakata. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu kula da su da alheri.